Sassaƙen Gamji da Ƙwaƙwalwar Gafiya: Tafiyata Abuja da Kawu Farfesa

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa ya nufi Abuja, da wuya ka rasa takarda a jakarsa. Wani kwangila yake bi, wani fansho, wani biza, wani kuma takardar neman aiki ce da ta sha ninki har ta fara yagewa. Mu kundi muka ɗauko mai kauri, binciken digirin digirgir da wata ɗaliba ta rubuta a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin, aka gayyato kawuna daga tasa jami'ar ya zo ya jarraba ta. Kawu farfesa ne a fannin nazarin halittu, kuma a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya kwashe shekarun aikinsa. Amma a danginmu bayanin kakarmu ne ya zauna: ɗanta ya yi karatu har Ingila, ya dawo yana yankan kan ɓera. Gwiwa ta fara matsa masa, shi ya sa ya ce in zo in riƙe masa jaka. Ban yi musu ba, don na daɗe ina son ganin abin da yake yi da kawunan ɓerayen.

A 2016 aka buɗe wannan layin dogo, tsawonsa kimanin kilomita 186. Kawu bai kalli taga ba har muka wuce Rijana. Jan biro ne a hannunsa yana bin kundin layi-layi, wani wurin ya ja, wani wurin ya yi tsaki. Sai da muka doshi Jere, manyan duwatsu suka fara leƙowa ta bayan gonaki, sannan ya rufe shi ya juyo.

"Ɗana, ka san nauyin abin da ke cikin ƙoƙon kanka?"

Na ce Kawu ai ban taɓa ɗora shi a sikeli ba. Ya ce bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wato wajen kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, amma shi kaɗai yake cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinsa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana magana da dubbai ta hanyar lantarki da sinadarai. Sallar da ka haddace, da fuskar mahaifiyarka, da tsoron maciji, duk a cikin wannan zancen nasu suke. In zancen ya rikice gaba ɗaya a lokaci guda, shi ne farfaɗiya. In jini ya daina kai wa wani sashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ƙwayoyin suka riƙa mutuwa sannu a hankali, sai a ce tsoho ya shiga gigin tsufa.

Likita ya so zama, kamar yawancin yaran da suka yi ƙoƙari a sakandare a zamaninsu, sai gurbin karatu ya kai shi sashen nazarin dabbobi. Da ya gama bautar ƙasa sashen ya riƙe shi ƙaramin malami, daga nan ya samu tallafin zuwa Ingila, inda ya koyi auna lantarkin ƙwayar jijiya guda ɗaya da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta. Dawowarsa ta zo daidai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, kuma duk sinadarin da zai yi aiki da shi da dala ake sayensa. Na'urar da ya ƙware a kanta babu ita, babu kuma ranar zuwanta. Wasu abokansa suka koma inda suka fito, wasu suka bar bincike suka kama harkar mulkin jami'a. Shi kuwa ya dubi abin da ke kusa: itatuwan da masu magani ke ba mai farfaɗiya, dabbobin dawa da ba wanda ya taɓa duba ƙwaƙwalwarsu, da gubobin da ke shiga jikin talaka ta abinci da ruwa. Ya ce akasarin masana ƙwaƙwalwa na ƙasar nan ta wannan ƙofar suka shigo, ba shi kaɗai ba.

Tashar Idu tana gefen birni, a unguwar masana'antu, kuma direban da ya zo ɗaukar mu ya so ya miƙe da mu masauki. Kawu ya ce a fara bi da mu ta gaban cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, wadda ke nan Idu tun bayan kafa ta a ƙarshen shekarun 1980. Daga waje gini ne irin na gwamnati, amma Kawu ya sa aka rage gudu kamar mai wuce gidan surukai. Marigayi Farfesa Charles Wambebe, wanda ya shugabanci wurin a shekarun 1990, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi digirin digirgir a 1979, kan yadda magunguna ke aiki a ƙwaƙwalwa, ya kuma koyar a can shekaru kafin ya zo Abuja. A hannunsa cibiyar ta fitar da Niprisan, maganin rage tashin ciwon amosanin jini, wanda aka haɗa daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da wani nau'in karan dawa. Asalin haɗin na wani mai maganin gargajiya ne, Rabaran Paul Ogunyale, kuma ba a shafe sunansa ba: an ƙulla yarjejeniya da shi, aka sa shi cikin masu haƙƙin maganin. Kawu ya nanata wannan sau biyu, sai daga baya na gane dalili.

A wannan cibiyar ce kuma aka yi aikin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na Bahaushe. Gamji, itacen da ake yi wa Sardauna kirari da shi, masu magani sun daɗe suna ba da sassaƙensa ga mai farfaɗiya da mai taɓin hankali da marar barci. A 2003 Ben Chindo da abokan aikinsa, ciki har da Wambebe da Karniyus Gamaniel wanda shi ma daga baya ya shugabanci cibiyar, suka wallafa binciken da ya nuna ruwan sassaƙen yana kwantar da ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ba su tsaya nan ba. A 2009 suka ware wani rukuni na sinadaran da ke cikinsa suka gwada shi a kan farfaɗiya. Na ce to, Kawu, ke nan mai farfaɗiya ya je ya sassaƙo gamji? Ya harare ni ta saman tabarau. Ya ce tsakanin abin da ya yi aiki a jikin ɓera da abin da za a ba ɗan mutum akwai shekaru na gwajin guba, da gano adadin da ya dace, da gwaji a asibiti. Mai farfaɗiya ya je asibiti, don magungunanta suna nan tun fenobabiton da aka fara amfani da shi a 1912, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Mutum miliyan 50 ke fama da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗarinsu a ƙasashe irin namu. Kuma yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa. A kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki.

Daga Idu muka shiga cikin gari ta Jabi, tituna suka faɗaɗa, fitilun hanya suka fara aiki. Kawu yana da takardun da zai miƙa a Maitama, unguwar da manyan gidaje ke ɓoye bayan katanga da furanni. Nan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take, nan kuma asusun TETFund yake, wanda ke raba kuɗin harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni. Malamin jami'a zai iya ƙare aikinsa bai taɓa taka Maitama ba, amma ƙa'idar darasin da zai koyar, da kuɗin da zai tafi ƙaro karatu, da tallafin bincikensa, duk daga nan suke fitowa. Muna zaune a mota muna jiran a buɗe ƙofa ya lissafa min tsanin aikin: ƙaramin malami mai digiri ɗaya, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A al'ada sai ka shekara uku a kowane mataki, kuma ba ka hawa sai da adadin maƙalu da aka buga a mujallun ilimi. A matakai biyu na ƙarshe ana tattara ayyukanka a aika wa wasu farfesoshi a ɓoye su auna ka. In ka tsallake, wata rana ka tsaya gaban jama'a da alkyabbar ilimi ka gabatar da laccar kama kujera, ka faɗi abin da ka ƙara wa duniya. Shekarun ritayar farfesa 70.

Abin da ke damun Kawu a tsarin shi ne ƙidaya. Tunda lissafa maƙalu ake yi, malami marar kayan aiki ya gano hanya mafi sauƙi: a samo ganye, a busar, a daka, a jiƙa, a yi wa ɓeraye allura, a rubuta abin da aka gani, gobe a canza ganye. Maƙala goma za su fito, tambaya ɗaya ba ta amsu ba. Ba zargi yake yi daga nesa ba, shi ma ya ce a cikin kundin ƙarin girmansa akwai irinsu. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe da ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri kafin ya tafi Jami'ar Sussex a Ingila, ya zauna da abokan aikinsa sun tantance ayyukan masana ƙwaƙwalwa na Najeriya na shekaru ashirin, suka fitar da sakamakon a 2019. Sun tarar kaso mai yawa a kan tsirran magani yake, galibi da ɓeraye, kuma kaɗan ne ƙwarai aka yi da manyan na'urorin zamani. A 2021 suka faɗaɗa nazarin zuwa Afirka baki ɗaya, inda Masar da Afirka ta Kudu suka yi gaba, Najeriya tana cikin biyar na farko. A shekarar ce kuma Maina ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin da ɗalibi daga kowace jami'a zai iya zuwa ya koya a kansu. Kawu ya ce a zamaninsa mai son ganin irin waɗannan sai ya nemi biza. Yanzu motar Damaturu zai hau.

Da yamma muka bi ta gaban Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, don ya duba wani tsohon abokinsa da ke kwance. A harabar asibitin ya bambance min mutane ukun da kakarmu ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai likitan jijiyoyi mai duba marar lafiya ya rubuta magani. Akwai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai buɗe ƙoƙon kai, irin su Latunde Odeku da ya kafa wannan fanni a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, da Farfesa Bello Bala Shehu da ya gina cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Sakkwato, ya kuma taɓa shugabantar wannan asibitin da muke tsaye a ciki. Sai na uku, irinsa, wanda ba ya taɓa marar lafiya, aikinsa ya gano yadda abin ke faruwa. Wanda ya haɗa biyu daga ciki, kuma Kawu ke ambatonsa da girmamawa, shi ne Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995. A ƙarshen shekarun 1960 ya bi wata cuta da ke sa mutane tangaɗi, ido da kunne su raunana, a yankunan da rogo ne abincin safe da dare, har ya danganta ta da gubar sayanayid da ke saura a rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Daga baya, a 1992, shi da masu bincike na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar can, aka gano cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan. Duk duniya aka karanta wannan aikin, don tambaya ce da ba za a iya amsa ta daga Landan ba.

"Mu ma muna da namu rogon," in ji Kawu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, masu haƙar zinariya suka riƙa niƙa dutse a cikin gidaje, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma tana shiga inda sinadarin kalsiyam ya kamata ya shiga a jikin ƙwayar jijiya, ta lalata mahaɗar da yaro ke koyo da ita. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata. Yaya karatunsu, yaya riƙon abu a kansu, yaya halayyarsu? Haka waɗanda suka tsira daga sanƙarau na 1996, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ke hawa kansu kowace damina, da matasan da suka sha kodin da taramadol. Ya ce ba ƙarancin tambaya ke damun mu ba.

Washegari wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu babban lakcara ne, ya zo ya ɗauke mu zuwa gidansa a Gwagwalada. Da ya shigo sai da ya durƙusa, da furfurarsa, ya ce, "Malam, barka da sauka," ya karɓi jakar daga hannuna. Hanyar ta wuce filin wasa na ƙasa, ta fita ta Ƙofar Birni, ta bi titin filin jirgin sama ta Lugbe, inda hukumar bunƙasa fasahar halittu take. Can gaba, kafin mahaɗar Giri, sai babban mazaunin Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a 1990 a ƙaramin mazauninta na Gwagwalada. A cikinta hedikwatar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU take, abin da ya jawo hirar yajin aikin 2022 na wata takwas. Malaman biyu suka yi shiru kaɗan, sannan ɗalibin ya ce ɓera bai san yajin aiki ba. Ko ana yi ko ba a yi sai ka je ka ba shi abinci, in kuwa ya tsufa kafin a koma, gwajin ya tashi daga farko. Kawu ya ba shi labarin shekarar da wuta ta ɗauke a jami'arsa, janareta ya ƙi tashi, firizar da ya tara samfurin aikin shekara biyu ta narke. Ya faɗe shi yana dariya, amma har ranar makon ya tuna.

A gefen titi muka riƙa wuce matan Gbagyi, masu asalin wannan ƙasa tun kafin a dawo da babban birni nan a 1991, ɗauke da itace da doya a cikin ƙwarya a kan kafaɗa, ba a ka ba. Direban, wanda ɗan yankin ne, ya ce a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, shi ke ɗauke da tunani, bai kamata a ƙara masa kaya ba. Kawu ya ce a rubuta masa wannan, da shi zai buɗe darasin 'yan aji biyu.

Gwagwalada ta fi cikin birni zafi, ta kuma fi shi kama da garin mutane: 'yan acaɓa, masu doya, ɗalibai da fararen riguna suna nufar asibitin koyarwa. Bayan mun ci sakwara a gidan mai masaukinmu, ya ce bari ya nuna wa Malam abin da yake koyarwa da shi yanzu. Ya fito da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, da kyankyaso a cikin kwalba. Ya tsoma kyankyason cikin ruwan ƙanƙara har ya sandare, ya cire ƙafa ɗaya, ya kafe ta a kan toshiyar kwalba da allurai biyu masu waya. Da ya kunna sai muka ji shuuu daga 'yar lasifikar. Ya ɗauki tsinke ya shafi ƙayoyin da ke jikin ƙafar, nan take sautin ya koma tas-tas-tas-tas, da sauri. Ya ɗage tsinken, ya lafa. Ya hura mata iska, ya sake tashi. Yaran gidan suka kewaye teburin, ƙaramar tana ihu wai ƙafar tana magana. Abin da muke ji shi ne saƙon jijiya, sodiyam na shiga, fotasiyam na fita, yadda Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka bayyana a 1952 da jijiyar wata dabbar teku, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Kawu ya shekara talatin yana zana wannan da alli a gaban aji mai ɗaruruwan ɗalibai, suna haddacewa su rubuta masa a jarrabawa. Ya karɓi tsinken da kansa ya shafa, ya sake shafawa.

Ɗalibin nasa ya koyi wannan a wani taron horo na ƙungiyar TReND, wadda Lucia Prieto-Godino da Tom Baden suka kafa bayan haɗuwa da Farfesa Sadiq Yusuf, ɗan Najeriya da ke koyarwa a Yuganda a lokacin. Darasinsu shi ne bincike mai araha: ƙudan 'ya'yan itace maimakon ɓera, tunda garin masara da yis ya ishe shi abinci, cikin kwana goma ya hayayyafa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gado masu jawo wa ɗan Adam cuta suna da takwara a jikinsa. A 2024 masana suka kammala taswirar ƙwaƙwalwar wannan ƙuda gaba ɗaya, ƙwayoyi kusan 140,000, suka sa ta a intanet kyauta. Ɗalibin Gwagwalada da na Kambirij abu ɗaya suke buɗewa. Kafin mu juyo muka ɗan ƙara gaba ta hanyar Lokoja muka ga cibiyar kimiyya ta Sheda, kusa da Kwali, garin Ladi Kwali mai tukwane da ke jikin naira ashirin.

A hanyar dawowa na riƙa lissafi. Masu ware sinadari suna Idu. Kuɗi da ƙa'ida suna Maitama. Marasa lafiya suna asibitocin cikin gari da Gwagwalada. Manyan ɗakunan gwaji suna Lugbe da Sheda. Ɗalibai suna warwatse a jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu. Duk wannan a kan tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Abuja ba ta rasa sassan aikin ba. Abin da ke haɗa su, kamar yadda na gani, mutum ne da wayarsa da tsofaffin ɗalibansa. Farfesa shi ne mai cewa, "Je ki wurin wane, ɗalibina ne, ki ce ni na aiko ki." Rabin aikin Kawu ke nan, kuma ba shi da gurbi a takardar ƙarin girma.

Ranar jarrabawa muka isa da wuri, aka zaga da mu ɗakin gwaji. Warin dusa da fitsarin ɓera ne ya fara tarbar mu. A kusurwa akwai wani katako mai rassa huɗu a kan dogayen ƙafafu, biyu a rufe biyu a buɗe, wanda ake auna fargabar ɓera da shi. Kafinta ne ya ƙera musu shi daga hoto. Wani ɗalibi da ke aiki a kan gafiya ya kira ni in leƙa madubin ƙara girma. Masanan tsarin jikin dabbobi a Ibadan da Zariya sun daɗe suna nazarin ƙwaƙwalwarta, musamman sashen sansana, wanda yake da girma a wurinta. 'Yar uwarta ce ake horarwa a Tanzaniya tana gano nakiyar da aka binne da cutar tarin fuka a majina. Ɗalibin ya yanka ƙwaƙwalwar siriri fiye da takarda, ya rina ta da ruwan azurfa bisa hanyar da Camillo Golgi ya gano a 1873, wadda ke baƙanta ƙwayoyi ƙalilan ta bar sauran. Na murza har hoton ya fito. A kan fili ruwan zuma sai ga ƙwaya ɗaya baƙa wuluk, da kauri a gindi, rassa sun bazu ko'ina, tamkar kuka a tsakiyar rani ba ganye ko ɗaya. A jikin kowane reshe akwai 'yan ƙananan ƙayoyi, nan ne wasu ƙwayoyin ke sadar da saƙonsu. Gafiyar da muke bi da sanda a bayan rumbu, ashe wannan take ɗauke da shi.

Daga nan muka shiga ɗakin jarrabawa. Ɗalibar matar aure ce, mijinta na zaune a baya da goyon a hannu. Ba zan faɗi sunan itacen da ta yi aiki a kansa ba tunda aikin bai fita ba. Ta samo shi ne wurin wani tsoho mai magani a wani ƙauye na yankin. Ta yi wa ɓeraye allurar sinadarin da ke tayar da farfaɗiya, ta ba wasu ruwan sassaƙen a matakai uku, ta ba wasu maganin asibiti don kwatanci, ta auna lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya fara jijjiga. Ta gama bayani, aka miƙa ta ga Kawu. Mutumin da ya sha dariya da ƙafar kyankyaso jiya, yau ban gane shi ba.

"Malama, a wane wata kika sassaƙo itacen?"

"A watan Maris, ranka ya daɗe."

"In na je a watan Agusta zan samu abin da kika samu?"

Ta ce ba lallai ba, ta kawo dalili. Ya tambaye ta ko wanda ya riƙe agogo ya san ɓeran da aka ba magani da wanda ba a ba ba, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so. Ta ce wata abokiyar karatunta ce ta auna, kuma lambobi kawai aka ba ta. Ya gyaɗa kai, karon farko. Ya tambayi ta wace ƙofa abin ke aiki, ko ta hanyar GABA ne, sinadarin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki. Ta ce ta gwada da maganin da ke toshe wannan ƙofar, tasirin ya ragu amma bai ɓace ba, don haka tana zaton akwai wata hanyar. Suka shafe lokaci a kan wannan "zaton", yana matsa ta, tana tsaye a kan iyakar abin da ta gani, ba ta ƙara ko ɗigo ba. Aka fitar da mu, aka dawo da mu, shugaban zama ya ce an amince da digirin bisa sharaɗin gyare-gyare. Mijin ya yi hamdala da ƙarfi har goyon ya farka.

Ni Kawu ya ba takardar gyare-gyaren in kai ofishin sashe, na karanta a hanya. Yawancinsu na alƙaluma ne da tsarin rubutu. Uku na ƙarshe da jan biro ya rubuta su. Ta kai samfurin itacen ma'ajiyar tsirrai a ba shi lamba, don wani ya iya maimaita aikin. Ta tafi Idu da wasiƙarsa ta fara ware sinadaran, kada ta sauya itace don neman sabuwar maƙala. Na ƙarshe kuma: ta sa sunan tsohon mai maganin a cikin kundin da izininsa, ta koma ƙauyen ta gaya masa abin da aka samu da abin da ba a samu ba, ta kuma roƙe shi ya riƙa tura masu faɗuwa asibiti. A ƙarƙashin wannan ya ja layi biyu, ya rubuta cewa ba zai sa hannu a takardar ƙarshe ba sai ta kira shi daga can ta haɗa shi da tsohon sun gaisa.